Adashin Jinya da Goggo Ta Bari

Daga Allah muke, gare shi kuma Goggo ta koma da hantsin wata Litinin, tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta yi jinya ba ko ta wuni guda. Ta ce wa matar autanta kanta yana sara mata, a ba ta ruwa, kafin yarinyar ta dawo da kofi har ta kife a kan faranti. Matar da ta haura shekara goma tana jinyar miji ita ta riga shi tafiya, shi yana kwance a ɗaki yana jin salatin mata, ba shi da ƙafar da zai taka ya fito ya ga abin da ya faru.

Kafin la'asar gidan ya cika. An zo daga cikin Kazaure, an zo daga Roni da Gwiwa, tsofaffin abokan fataucin mijinta sun ciko mota daga Babura. Ina zaune a ɗakinta ina karɓar gaisuwa, kuma duk wadda ta shigo, bayan "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙanta", magana ɗaya ce a bakinta. "Mai haƙuri ce." "Baiwar Allah, ta sha haƙuri." "Ai irinsu sun ƙare." Wata tsohuwa da ta zo daga Yankwashi, wadda rabonta da gidan tun bikin auta, ta share hawaye ta ce, "Shekara da shekaru tana fama da mutumin nan ita kaɗai, ba a taɓa jin ta ce uffan ba."

Daidai lokacin mai ƙosan bakin layinmu ta shigo kwashe kwanuka, don ita da waɗansu mata tun safe ba su zauna a tabarma ba, suna madafa suna aiki. Ta dubi tsohuwar, ta dube ni, ta sunkuyo ta ce a kunnena, "Anya wannan ba ɓatan gida ta yi ba?"

Da ba makoki ake ba da na yi dariya. Goggo ta ce uffan, ta ce abin da ya fi uffan, ta faɗa a gida ta faɗa a kasuwa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don na ƙi yarda a binne ta sau biyu, sau ɗaya a ƙasa, sau ɗaya a cikin yabon da ba nata ba. Kuma ba don ita kaɗai nake yi ba. Tun kafin a naɗe tabarmar makoki an fara neman wadda za a ɗora wa wannan haƙurin da ake cewa Goggo ta yi, idon kowa kuwa yana kan matar auta, yarinyar da take goye da jariri.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni riƙo tun da aka yaye ni. Mijinta ɗan'uwa ne, auren zumunci aka yi musu, shi ya sa duk muke ce masa Baffa. Fataucin hatsi yake yi, kuma a hanyar dawowa daga kasuwar Babura ciwon ya buge shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar.

Shekarun farko ita kaɗai ta yi, wannan gaskiya ne, kuma su ne suka cinye ta. Ni an kai ni ɗakin miji a wata unguwa, auta yana yaron mota, Yaya kuma, ɗanta na fari, yana aikin gwamnati a birni. Baffa dogo ne ƙaƙƙarfa, mutumin da a da yake saɓa buhun gero ba tare da an ɗora masa ba. Ita za ta ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta zubar da fo, ta wanke zannuwa, ta dama kunu ta ba shi da cokali, kafin ta gama ya sake ɓata shimfiɗa. A lokacin ne bayanta ya riƙe, a lokacin ne kuma hawan jini ya kama ta.

Ba wai mutane ba sa zuwa ba. Zuwa kam ana yi, don a wurinmu babban abin kunya ne a ce ɗan'uwanka yana kwance ba ka je dubiya ba. Sai dai kun san yadda dubiyarmu take. A ci kwalliya, a yi sallama, a zauna. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Mai jinya ta tashi ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta aika a sayo fura, idan baƙin daga nesa suke ta ɗora girki. A yi hirar duniya, a shafa fatiha, a tashi a bar mata wanke-wanke. Goggo takan ce masu dubiya sun fi mara lafiya nauyi, don shi aƙalla ba ya neman yaji.

Ranar da tura ta kai bango ina gidan, na zo wuni. Waɗansu mata na dangi suka yi sallama, kowacce sai ƙamshin turare take. Goggo tana durƙushe a kan baho cike da zannuwan Baffa. Ta ɗago ta ce, "Sannunku da zuwa. Dubiya kuka zo?"

"E, Goggo. Ya mai jiki?"

"Mai jiki yana nan, ya ci ya sha, an shafa masa mai. Mai jinya ce ba lafiya." Ta tura musu bahon da ƙafa. "Ga sabulu nan, randa cike take."

Ta shige ɗakinta ta saka sakata. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga murya ta ce, "Haba Goggo, ai lada kike samu!"

Daga ciki muka ji ta ce, "Ladan ne ya yi mini yawa, shi ya sa na ce ku zo mu raba."

Biyu suka yi fushi suka fita, ɗaya ta tuɓe mayafi ta kama wanki tare da ni. Goggo ba ta farka ba sai da aka kira la'asar.

Daga nan ta fara yawon neman taimako, duk inda aka ce mata ana ba da wani abu sai ta hau acaɓa ta je. Kuma ba zan ci amanar kowa ba, an taimaka. Malamar ƙaramin asibitin unguwarmu ta zo har gida ta nuna mata yadda ake juya mai kwance don kada bayansa ya yi gyambo, kuma duk zuwa sai ta kama hannun Goggo ta auna jininta tana yi mata faɗa. Kwamitin masallaci yakan aiko da hatsi da azumi. A wani ofishi da ake tallafa wa marasa ƙarfi aka ba Baffa keken guragu sabo fil. Goggo ta yi godiya, sannan ta tambayi mutumin da ya miƙa mata, "To wannan na mai kwance ne. Na tsaye fa, me kuka tanadar masa?"

Mutumin kirki ne, bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Hajiya, gaskiya babu. Mai jinya ai lafiyarsa ƙalau."

Ta ce, "Yau dai."

Keken ya zo gida, amma ɗaga Baffa daga gado zuwa kansa ya fi ƙarfin mace ɗaya mai ciwon baya, ga dokin ƙofar ɗakin da tsayi. Aka jingine shi a rumfa, kazar Goggo ta mayar da shi wurin ƙwai.

Abin da ofis bai tanada ba, ta kan katanga ya zo. Gidan da ke bayan namu na wani mai faci ne. Mahaifiyarsa ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, ba ta sake tashi ba. Matarsa ta rasu, 'yan'uwansa mata duk suna aure a Nijar. Kowace safiya Goggo tana jiyo tsohuwar tana kuka tana cewa, "Rufe idonka! Wayyo Allah, ka ɗauki raina da dai ɗana ya riƙa ganin tsiraicina!" Wata rana Goggo ta yafa mayafi ta same shi a bakin titi yana hura taya.

"Kai, ajiye tayar nan. Uwarka mace ce, mijina namiji ne. Kai namiji ne, ni mace. Wace irin wauta muke yi, katanga ɗaya tsakaninmu?"

"Goggo, ban gane ba."

"Za ka gane da safe. Ka zo da ƙarfinka, in je da matajina."

Haka aka fara. Shi ya riƙa yi wa Baffa wanka da aski, ita tana yi wa tsohuwar wanka da kitso. Ranar farko Baffa ya ɗaure fuska, don bai saba wani ya taɓa shi ba in ba matarsa ba. Kafin mako ya zagayo, da ya ji sallamar mai faci sai ya fara buga gefen gado da hannunsa mai lafiya. Aka kori kaza daga keke, aka sassaƙe dokin ƙofa, Baffa ya koma fita ƙofar gida da yamma yana kallon mutane.

Labari ya bazu. Ashe a unguwa ɗaya gidajen da ake jinya a ɓoye sun fi a ƙirga da yatsun hannu. Akwai mai makahon uba, akwai wadda mijinta ya faɗi a babur, akwai mai ƙosai da budurwar 'yarta mai farfaɗiya. Goggo ta tara su ta ce adashi za a yi, amma ba na kuɗi ba. Zubinka shi ne ka je wani gida ka yi wanka, ko wanki, ko ka zauna da mara lafiya. Ɗaukarka kuwa wuni guda ne cur, wanda wasu za su riƙe maka naka, kai ka tafi harkarka. Ita ce uwar adashi, ba da wanda ta yi shawara ba. Maza suna shiga wa maza, mata suna shiga wa mata, kuma abin da ido ya gani a ɗakin wani a nan ake barinsa. Wata ta taɓa kai labarin shimfiɗar wani gida wurin biki, Goggo ta cire ta a ranar, kuma har tsohon ya rasu ba ta sake amsa gaisuwarta da sakin fuska ba. Daga baya malamar asibiti da kanta, idan ta ga sabuwar mai jinya ta fara rama, sai ta ce mata, "Je ki ga Goggo."

Dokarta mafi tsauri ita ce ranar ɗaukarki ba za ki wuni a gida ba. Ta san halinmu. Idan aka ce wa mace ta huta, sai ta ce bari ta ɗan wanke wannan, ta ɗan share wancan, har rana ta faɗi. Mai ƙosai ta ba ni labarin ɗaukarta ta farko. Ta daɗe ba ta je ganin iyayenta a Roni ba, don ba ta iya barin yarinyar kusa da wuta ko ruwa. Ta shirya ta fita, ta kai tasha, sai ta tuna yarinyar, ta juyo. Ta tarar Goggo ta kulle ƙofar gida ta ciki.

"Goggo, buɗe, mantuwa na yi."

"Me kika manta?"

"Idan abin ya tashi fa? Ba ki san yadda take yi ba."

"Kin nuna mini jiya, kin sake nuna mini yau da safe. A kwantar da ita a gefe, a janye abin da zai ji mata ciwo, kada a sa mata komai a baki. Na ji. Yanzu tana tankaɗe mini gari. Ki wuce, uwarki ma tana da haƙƙi a kanki."

Ta ce ta tsaya tana kuka a bakin ƙofa, Goggo ba ta buɗe ba. Ta je Roni, ta kwanta a ɗakin mahaifiyarta da niyyar miƙe baya, ba ta san inda take ba sai da aka tashe ta don kada ta rasa motar dawowa.

Kada wani ya zaci Goggo irin matan nan ce da suke raba wa kowa su hana kansu. Ranar ɗaukarta ba ta yafe wa kowa. Tun jajibiri take ƙunsa lalle, da safe ta ɗaura atamfarta mai kyau ta hau bas sai kasuwar Babura. Ba wani abin kirki take saya ba. Ta zaga rumfunan 'yan Nijar tana taya kaya tana tsokanarsu da kuɗinsu na sefa, ta sayi tsire ta nemi inuwa ta zauna ta ci abinta. A nan ƙanwar Baffa, wadda take aure a Roni, ta ci karo da ita. Da ma akwai wasa tsakanin mace da ƙannen mijinta, amma ranar ba wasa ba ne.

"Matar yaya, ke ce nan? Da lalle? Ɗan'uwana yana kwance kamar gawa, ke kina kasuwa kina cin nama? Wa kika bar masa?"

"Na bar masa mutanen da suka san yadda ake juya shi. Ke kin sani?"

"Bare kike shigarwa ɗakin mijinki. Kin tona mana asiri a gari."

Goggo ta goge yajin hannunta ta ce, "Asirin da ake rufewa da bayana ne, kuma bayan ya gaji. Ga bas can tana lodi. In zuciyarki ta yi zafi haka, hau ki je ki karɓe shi, ni in ƙarasa tsirena."

Ba ta hau ba. Suka daina magana har Sallah ta zagayo, kuma ko da suka shirya, ƙanwar Baffa ba ta taɓa yafe wa adashin ba.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin Goggo yake mutuwa a gabansa, shi ne Yaya. Ɗan fari ne, ita kuwa ta tashi a gidan da ake tsananta kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, idan ya gaishe ta sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice. In tana son a kai masa abinci sai ta ce mini, "Kai wa mutumin birni." Idan zai zo, tun jajibiri ake wanke Baffa tas, a sa masa farar riga, a turare ɗaki, 'yan adashi kuma su janye don a bar iyali su gana. Yaya ya shigo ya durƙusa ya gai da ubansa, ya sauke shinkafa da magani, ya tambayi ko akwai matsala. Goggo tana kallon bango ta ce, "Babu." Na sha ce mata, "Goggo, ki gaya masa mana." Sai ta ce, "Ke, rufe mini baki. Da wane idon?" Ba mugun ɗa ba ne, kuma ba marowaci ba ne. Abin da aka nuna masa shi ya gani.

Wannan kunyar ce ta tashi cinye mu bayan rasuwarta. Washegarin jana'iza mai faci ya zo da safe kamar kullum, ya nufi cikin gida. Ƙanwar Baffa ta riga ta raɗa wa Yaya ko wane ne shi da abin da yake shiga yi. Yaya ya tare shi a zaure, cikin ladabi dai, ya ce, "Malam, ga tabarma nan a waje, ciki na mata ne." Mutumin ya zauna ya yi gaisuwa ya tafi. Auta, wanda yanzu direban babbar mota ne, yana Kudu da kaya, bai iso ba sai ranar uku. Yaya kuwa daga safe har magariba yana ƙofar gida yana karɓar gaisuwar mutane, kamar yadda aka saba. Gari guda ya zo don wadda ta mutu, mai rai yana ciki ba wanda ya sa masa ruwa.

Ƙanwar Baffa ta ce wa matar auta ta kai ruwa ta goge masa jiki. Yarinyar nan tun da aka kawo ta daga Gwiwa ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ko abinci ba ta ci a inda yake. Ta ɗauki bokiti ta tsaya a bakin ƙofa. Baffa ya gan ta, ya gane abin da aka aiko ta yi. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ja zane har kansa, ya ƙanƙame. Ta ajiye bokitin ta koma ɗakinta tana kuka, shi kuma daga nan ya ƙi karɓar ko kunu. Da safiyar ranar uku ni da mai ƙosai muka juya shi, na ga kafaɗarsa ta yi ja wur, irin jan da malamar asibiti ta ce daga shi sai gyambo.

A danginmu daga addu'ar uku ake naɗe tabarma. Da baƙi suka ragu Yaya ya tara mu a tsakar gida. Ya gode wa kowa, sannan ya ce, "Game da Baba, daga yau ba na son a ƙara shigar da bare ɗakinsa. Mu ba mu rasa ba. Duk abin da ake buƙata zan aiko. Matar auta tana nan, za ta ci gaba daga inda marigayiya ta tsaya. Ta yi haƙuri, lada ne."

Ƙanwar Baffa ta ce, "Madalla." Auta ya sunkuyar da kai, don bai taɓa musu da yayansa ba. Matarsa tana bayan labule, ina jin sheshsheƙarta. Ni mace ce, ƙanwa ce, kuma 'yar riƙo, ba ni da bakin magana a wurin. Amma nonon Goggo ne kawai ban sha ba.

Na ce, "Yaya, ka shiga wurin Baffa yau?"

"Na shiga na gaishe shi."

"Ka ɗaga zanen?"

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Na ce, "Tun ranar da aka fita da Goggo ba a yi masa wanka ba. Ya ƙi cin abinci don kada ya ɓata shimfiɗa surukarsa ta gani. Yarinyar nan ba za ta iya ɗaga shi ba, in ma ta iya, shi ba zai yarda ba. In kuka tilasta musu, shi zai ruɓe a kwance, ita kuma mu taru a nan watarana muna cewa mai haƙuri ce."

Ƙanwar Baffa ta ce, "Ke, da yayanki kike magana!"

Yaya ya ɗaga mata hannu cikin fushi. Ya ce, "Na ce ba na son in sake ganin wani ƙato a ɗakin ubana."

"Ɗakin ubanka kuwa ƙato yake buƙata. Ko shi, ko kai."

"To ni zan yi! Ubana ne!"

"Yaushe?"

Nan ya tsaya, don ya tuna ofis. Can ya ce, "Asabar."

"Sauran ranakun fa?"

Ya tashi ya shige zaure. Matan adashi suna bakin madafa, duk sun ji, kuma ba a jira wani ya fassara tashin nasa ba. Mai ƙosai ta leƙa ta kan katanga ta yi kira. Kafin la'asar mai faci ya wanke Baffa, ya shafa masa mai, ya fito da shi ƙofar gida a keke, ya ba shi kunu ya shanye. Washegari Yaya ya koma bakin aiki, ko sallama bai yi mini ba.

Muka sake tsara adashi. Na karɓi zubin Goggo, wankan tsofaffi mata da kitsonsu. Matar auta ta shiga da nata, girkin Baffa da zama da 'yar mai ƙosai. Maza suka raba wankan Baffa a tsakaninsu, aka bar wa Yaya Asabar, ba a sa kowa ba. Kuma na sa ɗaukar matar auta ta farko ta faɗo a Asabar ɗin, na raka ta tasha da kaina da jaririnta, sai da na ga motar Gwiwa ta tashi.

Da na dawo na tarar da mai faci a zaure. Na ce masa, "Yau ba taka ba ce."

"Idan ɗan nasa bai zo ba fa?"

"To gobe unguwa ta san dalili."

Bakina ne kawai yake da wannan taurin. Na ba Baffa abinci, muka juya shi ni da wata maƙwabciya, na ɗora ruwa ya yi zafi ya huce, na sake ɗorawa. Duk motar da ta wuce sai Baffa ya juya ido wajen ƙofa. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Na fara tunanin ko zalunci nake yi wa tsohon nan don in ci gardama, na yafa mayafi zan leƙa katanga, sai na ji an tsayar da mota.

Yaya ne, shi kaɗai ya zo. Bai gaishe ni ba. Ya cire hula da babbar riga ya rataye a igiyar shanya, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ina bokitin?"

Na haɗa masa ruwa, na ba shi soso da tawul, na koma gindin rumfa. Ina jin ƙarar gado, ina jin nishinsa, na ji ruwa ya kife, na ji yana cewa, "Yi haƙuri Baba, yi haƙuri, bari in sake kamawa." Sannan aka yi shiru mai tsawo. Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya ba ta hutun da ta ƙwata wa mutane da bakinta. A shirun nan na fi jin rashinta fiye da ranar da aka ɗauke ta.

Ya fito jiƙe sharkaf, dafe da ƙugu, ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya ce, "Kafin a fara wannan abin naku, wa yake ɗaga shi?"

"Ita."

"Ita da wa?"

"Ita kaɗai, Yaya. Shekaru."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ta gaya wa duk garin nan. Kai ne kawai ba za ta iya kallon idonka ta faɗa ba."

Ya rufe fuska da tawul ɗin ubansa, kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya ƙwace masa. Ban ba shi haƙuri ba, an ba da isasshe a gidan nan. Na bari sai da ya lafa, na ɗauki bokitin na ɗauraye na kife.

Na ce, "Yaya, Asabar mai zuwa ka zo da hantsi. Baffa ba ya son ruwa ya huce."